Ya Fita Aiki da Ƙafarsa: Jawabi Kan Mutuwar Fuju'a a Wurin Neman Abinci



Uwar ƙungiya, shugaba da mataimakiyarta, ma'aji, malamarmu ta ajin yamma, iyayena da yayyena da ƙannena, da baƙinmu da suka taso daga wasu unguwanni, sannunku da zuwa, sannunku da zama. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya ƙara wa asusunmu albarka.

Da kwamiti ya ce in yi magana a kan lafiya, sai na ce to a bar ni in yi a kan zuciya. Na san yau ranar biki ce, an yi anko, ga tukwane can a kan wuta, kuma wata za ta ce a ranta, ina ruwan biki da zancen mutuwa. Ku yi mini haƙuri. A shekara duka yau ce kaɗai muke haɗuwa gaba ɗaya, babu wadda ta aiko da kuɗin zubinta ta zauna a gida. Maganar kuma ta shafi kusan kowane gida a nan, don da yawanmu mazanmu da 'ya'yanmu a harkar katako suke ci. Wani kafinta ne, wani yana kan injin yanka, wani dakon falanki yake yi, wani fenti da gam. Mu kanmu garin katakon nan da muke cusawa a murhu daga wajensu yake fitowa.

Kun san abin da ya faru da mijin 'yar'uwarmu a bazarar da ta wuce. Na nemi izininta kafin in tsaya nan, ta ce in faɗa amma kada in kama suna, nasa ko na wurin aikin. Mutum ne da bai kai hamsin ba, ya daɗe a wata masana'anta da ake yin ƙofofi da bencinan makaranta. Aikinsa ya ɗauko falanki ya miƙa wa inji, tun safe har yamma, in an sami kwangila kuma har dare. Kwana huɗu kafin ranar yana ce mata ƙirjinsa na masa nauyi, kamar an ɗora masa dutsen niƙa, in ya ɗan zauna sai ya lafa. Shi da ita duka suka ɗauka olsa ce. Aka karɓo magani a kemis. Ranar da abin zai faru ya karya kumallo, ya ba da kuɗin cefane, ya fita da ƙafarsa. Bayan azahar ya sunkuya zai ɗaga katako, sai ya zube a gefen inji. Saboda ƙarar inji, wanda ke kusa da shi ma bai ji faɗuwarsa ba sai da ya waiwayo.

Abokan aikinsa sun yi abin da suka sani. Suka kwara masa ruwa, suka yi masa fifita da kwali, wani ya kawo albasa ya kanga masa a hanci, wani ya ruga neman adaidaita. Kafin a samu, kafin a ratsa cunkoso a kai asibiti, likita ya duba ya ce ai ya riga ya cika. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Ba na ganin laifin mutanen nan, don soyayya ce ta sa su, kuma babu wanda ya taɓa nuna musu wata hanya. Sai dai cikin duk abin da suka yi, babu ko ɗaya da yake taimakon zuciyar da ta tsaya. Wannan shi ya sa na je wajen ma'aikaciyar jinyar nan da take zuwa mana awon ciki a unguwa, na zaunar da ita sau uku, na rubuta abin da ta faɗa a littafina na aji, malama ta duba mini. Shi zan karanto muku, in na yi tuntuɓe a wata kalma ku gyara mini.

Zuciya dai tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta tura jini, kamar yadda injin famfo yake tura ruwa zuwa tanki. In mutum yana zaune lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wato kusan sau 100,000 a kwana guda, ba hutun Juma'a ba hutun sallah. Abu biyu take buƙata. Na farko, ita ma tana da nata ƙananan jijiyoyi da suke shayar da ita jini. Na biyu, tana da wata irin wutar lantarki tata ta cikin jiki, ita ce take ba ta umarnin bugawa a kan tsari.

In jijiyar da ke shayar da ita ta toshe da kitse da gudan jini, wani ɓangare na tsokar sai ya fara mutuwa. Wannan shi ake cewa bugun zuciya. Mai shi yawanci idonsa biyu, yana magana, yana riƙe ƙirji, yana gumi. In kuwa wutar ce ta rikice, zuciyar sai ta daina bugawa ta koma karkarwa, jini ya tsaya cak. Wannan shi ne tsayawar zuciya. Nan take mutum zai faɗi, ba ji ba gani. Sau da yawa na farkon ne yake jawo na biyun. Wato ciwon ƙirjin nan na kwana huɗu sallama ce ake yi a bakin ƙofa.

To ku riƙe alamun, don mu mata mu ake fara faɗa wa. Namiji ba zai gaya wa heluma ƙirjinsa na ciwo ba, tsoron kada a ce ya zauna a gida a ɗauki wani. Matarsa zai gaya wa, shi ma a taƙaice, yana cin tuwo. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, musamman wanda yake zuwa in an ɗauki kaya ko an hau bene, ya lafa in an huta. Ciwon da yake tafiya zuwa hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakanin kafaɗu. Gumi mai sanyi ba dalili. Haki a kan aikin da da ba ya sa shi haki. Kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara matasai. Sumewa ana cikin aiki. In kika ji ɗaya daga cikin waɗannan, Yaya, kada ki aiki yaro kemis. Asibiti za a je a ranar, a gaya wa likita ƙirji ne, a roƙi a yi masa awon zuciya na inji, wanda ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito. Olsa tana nan, ba na musu, amma likita ne zai raba su. Kuma mai ciwon suga da mu mata, wani lokaci abin ba ya zuwa mana da ciwo sosai, sai dai gajiya da tashin zuciya da haki.

Na ji ana cewa ai wannan ciwon masu kuɗi ne, masu tumbi da ke zaune a ofis. Leburan da yake ɗaga katako duk yini, jikinsa kamar ƙarfe, me zai same shi? To masu miji mai son ƙwallo ku tambaye shi labarin Samuel Okwaraji. Ɗan wasan Nijeriya ne, shekararsa 25, ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Ku tambaye shi Marc-Vivien Foé na Kamaru, shekararsa 28, ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Liyon na Faransa a watan Yuni 2003. Da aka bincika gawarsa aka ga tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da ƙima. Waɗannan mutane ne da gudu shi ne sana'arsu. Irin wannan kaurin yana bin jini a wasu gidaje, shi ya sa in a danginku an taɓa samun saurayi ko magidanci da ya faɗi haka kawai ya rasu, ya kamata 'yan'uwansa da 'ya'yansa su je a duba su.

Amma a wajenmu babban ɓarawon shi ne hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya sa zazzaɓi. Mutum zai shekara goma da shi yana ɗaukar kaya yana dariya. A duk tsawon lokacin nan zuciya tana turawa da ƙarfin tsiya, sai ta yi kauri ta buɗe, jijiyoyi su lalace, ƙoda ma ta ji a jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Hanya ɗaya ce ta sani, a ɗaura maka awo a dantse. In ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, a ranaku daban-daban, to akwai magana. Maganinsa kuma ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha na kwana uku a ajiye. Nan ne mazanmu suke ba ni haushi, wallahi. Ya sha na wata ɗaya, ya ji garau, ya ce ya warke, kuɗin maganin gara a sayi masara. Jin garau ɗin nan aikin maganin ne, ranar da aka daina jinin zai koma inda yake.

Yanzu bari in zo kan wurin aikin kansa, don ba daidai ba ne a ɗora komai a kan mamaci a ce shi ne bai kula da kansa ba.

Duk wadda ta taɓa kai wa mijinta abinci irin wannan wuri ta san yadda yake. Rufin kwano, zafi daga sama, zafin inji daga ƙasa, ga janareto yana hayaƙi a gefe. A watan Afrilu mutum zai yi gumi har rigarsa ta yi fari da gishiri. In jiki ya rasa ruwa, zuciya ce take biya, don dole ta ƙara sauri. Mai lafiyayyar zuciya zai jure, wanda tasa ta riga ta gaji a ɓoye kuwa, ranar ce za ta nuna. Hayaƙin janareto a rufaffen wuri yana hana jini ɗaukar iska. Wayar wuta da aka haɗa da leda, in ta ja mutum, tana iya tsayar da zuciya nan take ko da lafiyarsa ƙalau. Ƙurar katako ita ma ba ta da kirki, tana kawo asma da tari, kuma masana sun tabbatar cewa shaƙarta shekara da shekaru na iya jawo dajin hanci. Ƙyallen rufe hanci nawa ne kuɗinsa, jama'a?

Sai tsawon lokacin aiki. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike. Suka ce wanda yake aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100, in an gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. Suka ce a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya. Ni da na iya lissafi a ajin yamma sai na buga na mazanmu. Daga bakwai na safe zuwa shida na yamma awa 11 ke nan, sau kwana 6, ya ba da 66. Ba a sa na dare ba in an sami kwangila. Kuma kada mu yi dariya, mu 'yan kasuwa in muka buga namu, har da girki da wanki, ya fi haka.

Da me suke jure wannan? Da haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, a ce maganin gajiya. A ciki akwai masu kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda in aka mayar da su abincin kullum suna ɗaga jini, suna cin ƙoda, suna kawo olsar gaske. Wasu yaran har tramadol, a kora da lemon ƙara kuzari, a bi da sigari. Ki duba aljihun ɗanki ranar wanki, ba laifi ba ne.

Namu kason kuma yana cikin tukunya. Ni kayan miya nake sayarwa, gishiri da dunƙule suna cikin abin da yake kawo mini ciniki, amma gaskiya ɗaya ce. Abin da masana suka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 na gishiri ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliyar yara da yaji. Dunƙulen nan kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Mu sai mu zuba gishiri, mu marmasa dunƙule huɗu, mu ƙara farin ɗanɗano, mu jefa kanwa, ita ma ɗin danginsu ɗaya a wajen ɗaga jini. Ba na ce ku yi miya lami maigida ya yi yaji ba. A rage kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa da citta da tafarnuwa da kifi busasshe suna nan, iyayenmu da su suka yi suna. Tun da na ambaci kanwa, masu jego ku ji: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka danganta wani ɓangare nasa da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki, asibiti za a kai ta. Wannan zance ne na wata rana.

To in mutum ya riga ya faɗi fa? Nan nake so kowa ta ajiye waya ta dube ni.

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. Babu adaidaitar da za ta kai ki asibiti cikin minti 4 a garin nan. Saboda haka wanda yake tsaye a wurin, shi ne likitan farko. Ki dafa kafaɗarsa ki girgiza, ki kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, ki dubi ƙirjinsa. In ba ya numfashi, ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi kamar minshari ko shaƙuwa, to ki ɗauka zuciya ta tsaya. Wannan jan numfashin yana ruɗin mutane su ce ai da ransa, a ba shi iska. Ki nuna mutum ɗaya da yatsa ki ce kai nemo mota, ke kira 112, don in kika ce jama'a a taimaka kowa zai tsaya kallon kowa. In wuta ce ta ja shi, a kashe ta tukuna kafin kowa ya taɓa shi.

Sai a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ki durƙusa a gefensa. Ki ɗora tudun tafin hannunki a tsakiyar ƙirji, kan ƙashin nan, ki ɗora ɗayan hannun a kai, ki miƙe gwiwar hannu, ki danna da nauyin jikinki. Ƙirjin ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, kusan tsawon babban yatsa, ki sake shi ya dawo, ki kuma dannawa. Sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa. Wadda ta iya daka da kirɓa sakwara ba za ta kasa wannan ba. Hannunki ne ya zama zuciyarsa, yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. In kin gaji, bayan kamar minti biyu wata ta karɓa, kada a bar tazara. Wani lokaci haƙarƙari yana karyewa, kada ki tsorata ki daina, ƙashi yana ɗoruwa. Ba a ɗura masa ruwa ko madara, ba a cusa cokali a baki, ba a zaunar da shi. Ana ci gaba har ya motsa ya yi numfashi sosai, ko ma'aikatan lafiya su karɓa. In dole a ɗauke shi, a nemi motar da za a shimfiɗe shi a ci gaba da dannawa a hanya.

Akwai wata na'ura kamar ƙaramar jaka, ana manna ta a ƙirji, ita da kanta take duba bugun, in ya kamata ta ba zuciya wuta ta dawo kan tsari. Ita ce ta ceci Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmak. Ranar 12 ga Yuni 2021 ya faɗi a fili ana wasa da Finlan, duniya tana kallo a talabijin. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka sa masa na'urar, ya farfaɗo. Bayan wata takwas ya koma buga ƙwallo. Ciwo iri ɗaya da wanda ya kayar da mijin 'yar'uwarmu. A ganina duk masana'antar da ke da ma'aikata da yawa, da duk babbar kasuwa, ya kamata a ce akwai irin wannan na'ura a rataye da mutum biyu uku da suka iya ta. Wanda ya iya sayen injin yanka katako daga ƙasar waje ba zai ce ita ta fi ƙarfinsa ba.

Na san abu biyu da suke ran wasunku. Na ɗaya, ai kwana ne ya ƙare. Haka ne, babu mai ja da wannan, kuma ba kowa ne za a danna wa ƙirji ya tashi ba, da yawa ba sa tashi. Amma mu ɗin nan in yaro ya faɗa rijiya ba ma tsayawa mu ce kwanansa ne, igiya muke nema. Ba mu san kwanan wa ya ƙare ba sai mun yi iya yinmu. Na biyu, yaya mace za ta sa hannu a ƙirjin namijin da ba muharraminta ba? In akwai namiji a wurin, ki tsaya a kansa ki gaya masa yadda zai yi, ki riƙa ƙirga masa. In babu, ceton rai lalura ce, ku tambayi malamanku na Islamiyya ku ji. Kuma yawancin irin wannan faɗuwa a gida take faruwa, wanda zai faɗi a gabanki mijinki ne ko mahaifinki ko kishiyarki.

Saura maganar haƙƙi, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Bayan sadakar uku, masu wurin suka aiko da buhun shinkafa da ɗan abin da ke cikin ambulan, suka ce Allah ya ba da haƙuri. Shi ke nan. Mutumin da ya ba su ƙarfinsa shekara da shekaru, ga 'ya'ya biyar.

Ku sani akwai doka a ƙasar nan, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Hukumar NSITF ce take riƙe da asusun. Mai masana'anta ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ba a yarda ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba. Dokar ta haɗa har da ɗan aikin wucin gadi da mai koyon sana'a. In ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu ta dalilin aiki ko a cikin aiki, iyalinsa suna da damar neman diyya. Amma akwai wa'adi. Iyali su sanar da mai wurin cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7 in rauni ne, in rasuwa ce kuwa nan take, takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Ban ce duk wanda zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki za a biya ba, sai an duba ko aikin yana da hannu. Shi ya sa takarda take da muhimmanci. Akwai kuma dokar fansho ta 2014, wadda ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya yi musu inshorar rai, da ba ta gaza albashin shekara uku ba.

Yanzu ku haɗa wannan da halinmu. Mace tana takaba wata huɗu da kwana goma, tana cikin ɗaki tana karɓar gaisuwa, kwana 14 ɗin nan sun wuce ba ta ma san da su ba. An binne mamaci cikin awa kaɗan, yadda ya kamata, amma babu wanda ya tsaya ya karɓi takardar likita. Mijin ba shi da takardar ɗaukar aiki, albashi a hannu ake ba shi, ko katin shaida babu. In an je magana sai a ce ai ɗan dako ne, ba ma'aikacinmu ba ne. 'Yan'uwan miji kuma su ce a bar wa Allah, kada a ce muna cin kuɗin gawa. Ni ban yarda da wannan ba. Haƙƙin marayu ne, kuma babu wanda yake da ikon yafe shi a madadinsu don kunya.

Saboda haka tun mijinki yana raye, ki san sunan wurin aikinsa da sunan mai wurin da na abokan aikinsa biyu. In yana da kati ko wata takarda, a ɗauki hotonta a waya. In ana turo albashi ta banki, kada a goge saƙon. Mu da muka zauna a benci da girmanmu muka koyi karatu, ga ranarsa. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, wani namiji a dangi ya karɓi takardar likita a ranar, a rubuta lokaci da wurin da aka ɗauko shi, daga baya a yi rajistar rasuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya. Maganar 'yar'uwarmu shekara ba ta cika ba tukuna, ƙaninta da mutum biyu daga kwamiti suna bin ta, abokan aikinsa biyu kuma sun yarda za su ba da shaida.

Abin da nake roƙon wannan taro ya amince da shi yau guda uku ne, na riga na kai wa shugaba a rubuce. A fitar da kuɗi daga asusun taimako a sayi na'urar awon jini mai batir, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba, ta zauna wajen ma'aji, duk ranar zubi a auna kowa a rubuta a bayan katinta, ranar Juma'a da yamma kuma a ba da aronta gida-gida don maza. A naɗa mata biyu masu karatu waɗanda in an yi wa ɗayarmu rasuwa su ne ƙafarta wajen takardu tun daga ranar farko. Sannan ma'aikaciyar jinya ta yarda za ta zo Asabar ta farkon wata mai kamawa, bayan la'asar, ta koya mana dannar ƙirji a aikace. Kowa ta zo da matashin kai mai tauri da za ta gwada a kai, ta zo da ɗanta ko ƙaninta da ke aiki a wajen katako, don su ne za su kasance a wurin. Takardar rubuta suna tana kan teburin ma'aji, wadda hannunta bai faɗa ba tukuna malama za ta rubuta mata.

Shugaba, na mayar miki da magana, a ɗaga hannu a ƙirga.